Taken Shu'aibu Mahauci

…minti ɗaya kacal, in ji Chinonye mai shagon kwamfuta. Gwamnati za ta tallafa wa makaɗa da mawaƙa saboda korona, amma sai ta ga bidiyo, shaidar cewa Mustapha makaɗi ne. Shekara talatin da kalangu a hammata, yau kuma wai shaida. Ƙarfe huɗu ake rufewa. In damar ta wuce shi, kalangun nan kasuwa zai tafi, don tun shekaranjiya matarsa Ladi ta kakkaɓe buhun masara.

Ɗakin taro a unguwar Ali Kazaure ta Jos, rana tsaka. Kujeru a kife kan juna, ƙafafu sama. Wata bakwai ba biki, ba suna. Chinonye tana ɗaga waya, takunkumi ya cinye mata rabin fuska, tana cewa ya buga ko mene ne.

Ko mene ne? Baiwar Allah, ita ta ɗauka rediyo ne. Mutum ake kaɗa wa. Kowa da takensa, kiɗan da in ya ji sai ya miƙe. To wa zai kira a nan? Alhaji Sharafaddeen, da azumi aka kai shi makwancinsa. Mai tumatir na Dilimi… bayan Sallah. Baban Mustapha tun yana koya masa yake gargaɗi, kada ka kaɗa wa wanda ba zai amsa ba — a'a, ba haka ya ce ba. Wanda bai kamata ya amsa ba.

Hannu ya riga shi. Taken Shu'aibu mahauci, amininsa. Shu'aibun da mutum shida suka sallata, nesa-nesa da juna, ban da Mustapha, tsoro ya zaunar da shi a ɗaka. Kunyar nan har yau cin sa take. Kiɗan yana dukan bango yana dawowa… ƙamshin tsire? A nan? Ga gurbin da ake dakatawa, inda Shu'aibu ke ɗaga wuƙa ya yi kirari. Mustapha yana dakatawa. Don wa? Sanyin Jos ne ke bin ƙeyarsa, ba komai ba ne, sanyi ne.

"Oga, ya yi kyau. Na tura."

Tana miƙo masa wayar. Ga shi a ciki, duk ya rame. Ga gurbin. Ga shi yana juyawa wajen ƙofa, yana rusunawa, leɓensa na motsi — gaisuwa ce. Yaushe ya yi? Ƙofar a rufe take. Chinonye ta ce ita ta zaci salon kiɗan ne.

Ta tura. Bidiyon yana can wani ofis yanzu. Wani ma'aikaci zai danna, ya mayar baya, ya sake dannawa, gobe wani ya danna… duk dannawa kira ne. Shu'aibu kuwa bai taɓa jin takensa ya zauna ba.