Jitar da Ba a Kushe Ba

Tajuddeen bai so zuwa Unguwar Dinya ba. Tun da aka binne abokinsa Zachariah ya daina bin hanyar, ko aiki ya kai shi wajen Watari sai ya zagaya ta bayan dam, ya ƙona man babur a banza. Amma da Baba Buwai, mahaifin Zachariah, ya tako da ƙafarsa har shagonsa na gyaran rediyo da sifika a Bici, ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula a hannu, babu bakin da zai ce masa a'a. Tsohon ya ce jitar ɗansa za su sayar. Samarin wata coci daga wajen Rimin Gado sun ji labarinta, za su zo ranar Lahadi bayan sujada, shi kuwa bai san kanta ba, bai san gindinta ba. So yake wanda ya san abin ya zo ya duba, ya faɗi kuɗinta tsakani da Allah, kada a cuce su, kada su cuci kowa.

Dalilin sayarwar ba ɓoyayye ba ne. Zachariah ne ke ba albasarsu ruwa a ɗan filin da suke da shi a fadama, can kuma maciji ya sare shi wata safiya, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Ciwon baya ya daɗe da hana Baba Buwai aikin guga. In ba a sami injin ban ruwa ba kafin shukar rani, sai dai a bar wa wani filin. Zachariah kuwa ya taɓa gaya wa uwarsa cewa jitar nan ta fi maraƙi daraja, kuma maganar da mamaci ya bari ba wanda ke musa ta a gida.

Tajuddeen ya san jitar fiye da kowa mai rai. Tare suka je Sabon Gari a Kano suka saye ta, ta hannu ce, ja mai farin gaba, tun suna kwalejin ilimi, ɗaya na zuwa masallaci ɗaya na zuwa coci, suna cin garau-garau a kwano ɗaya. Shi ya sha liƙe mata waya da dalma. Ya san tana da kyau, ya san in an kula da ita za ta kusa kuɗin inji, don haka ya ɗaure ƙaramar sifikarsa mai caji a bayan babur ya kama hanya da zuciya mai nauyi.

An gama girbi. Gonaki sun haɗe da juna ba ko tazarar shimfiɗa tabarma, an tara karan dawa a gindin gawo, awaki na kiwo a cikin kututture. Ya yi sallama a ƙofar darni, Inna Dorathy, matar Baba Buwai, ta amsa daga ciki.

Kowa a kasuwar Bici ya san Inna Dorathy mai daddawa, kuma kowa ya san ba a cin ta a ciniki. Mata sun ce ko sisi ya faɗa rijiya sai ta yi tayinsa. Mijinta kuwa, bawan Allah, in ka ba shi akuya ya kai kasuwa sai ya dawo da kuɗin kaza yana yi wa mai saye addu'a, shi ya sa duk abin da za a sayar a gidan ita ke da bakin sallamawa. Ta rame ƙwarai. Ta shimfiɗa masa tabarma a gindin rumbu, ta kawo ruwa a kwanon sha, ta tambayi mahaifiyarsa da mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Sunan ɗanta bai fito daga bakinta ba. Ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba yana raye, balle yanzu. “Abokinka” kawai take cewa.

Ta shiga ɗaki ta fito da jitar a naɗe cikin zanen da take zuwa coci da shi ranar Kirsimeti. Tun kafin ta warware, warin man kaɗe ya riga ta isowa. Jitar na ta sheƙi, har ƙuda na zamewa a kanta.

Sai ta zauna tana ba shi labari, da ɗan alfahari irin na wadda ta riƙe amana. Ta ce a coci, in abokinsa ya taɓa ta, har ƙirjin mutum ke amsawa. Amma bayan an watse daga zaman makoki, da ta ɗauko ta ita kaɗai a ɗaki ta ja tsirkiya ɗaya, sai ta ji wata ƴar murya kamar kukan sauro. Nan take ta gane ciwon. Mahaifinta, Shago, makaɗin garaya ne a zamanin da ba a san coci ba a unguwar, kuma tana ƙarama ta sha ganin in damina ta kashe wa garayarsa murya, sai ya kanga ta a bakin wuta ta sha ɗumi, ya shafe ta da mai, muryar ta dawo rangaɗau. Haka ta yi wa jitar. In ta sauke tuwo, garwashi ya yi ja, sai ta jingine ta kusa da murhu, in ta ɗau zafi ta bi ta da mai, kowane rami, kowace kusurwa.

“Muryar dai ba ta dawo ba tukuna,” in ji ta. “Amma ban bar ta ta bushe ba, ɗan nan.”

Babu wanda ya taɓa gaya mata cewa irin wannan jitar ba ta da murya sai an jona ta da sifika. Janaretan coci, a saninta, na fitila ne da makirfon fasto. Zachariah bai cika kawo jitar gida ba, kuma wa ke zaunar da uwarsa ya yi mata bayanin waya?

Tajuddeen ya ɗaga jitar, ya kai gindinta kusa da idonsa, ya hango tsawon wuyan yadda ake hango ko azara ta miƙe. Wuyan ya lanƙwashe, ya kuma murɗe gefe guda. Tsirkiyoyin sun yi nisa da itacen har ɗan yatsa na shigewa ƙarƙashinsu. Ƴan ƙarafan da ke jere a wuyan sun ɗago daga mazauninsu. Robar da ke rufe da maganaɗisun da ke ɗaukar sauti ta narke ta sake daskarewa, fenti ya yi bororo a gefen da ke fuskantar wuta. Ya murza maɓallin ƙarin murya, baƙin mai haɗe da toka ya tsattsafo ya ɓata masa yatsa.

Duk da haka ya jona ta, don Inna ta matso har gwiwarta na taɓa tabarmarsa, ta tallafe haɓa tana jira. Sifikar ta yi wani gunji kamar an tsokano gidan zuma. Ya kaɗa tsirkiya. Gunjin bai canza ba. Ya sake kaɗawa da ƙarfi, ya jijjiga wayar, ya busa ramin, babu komai. Ya kashe, ya ce cajin sifikar ne ya yi ƙasa, laifinsa ne da bai cika ta ba kafin ya taho.

Ya sunkuyar da kai kamar mai lissafi, alhali ba lissafi yake ba. Samarin ranar Lahadi yake gani. Za su zo su huɗu ko biyar da takalma masu tsini, su juya ta, su shinshina, ɗaya ya tambaya wa ya gasa ta, sauran su tuntsire da dariya a tsakar gidan nan, a gaban matar nan. Ba mugunta za ta sa su ba, haka ciniki yake. Garin neman gira an rasa ido, kuma su ne za su gaya mata. Tausayinta ya kama shi. Ya tuna ɗaukar adashensa ta kusa, wadda ya ƙudurta zai sa wa shago sola da ita. Shagon nasa zai iya ƙara shekara a duhu.

Ya ɗago ya gyara murya. Ya ce jita ce ta asali, irinta ta yi wuya yanzu ko a Kano. Ya yaba itacen, ya yaba launin, ya yaba yadda aka adana ta ba ƙura ba gara. Ya ce gaskiya ma ba ya so ta tafi hannun baƙi, shi zai saya, don tunawa. Sannan ya faɗi kuɗi, daidai abin da zai sayi injin ban ruwa har da tiyo.

Fuskar Baba Buwai ta washe. Ya buɗe baki, ya tuna ba shi ke sallamawa ba, ya rufe, ya juya yana kallon matarsa kamar yaron da aka nuna wa alewa.

Inna Dorathy ba ta yi murmushi ba. Ta daɗe tana kallon Tajuddeen, irin kallon da take yi wa mudu in ta zargi an bubbuge gindinsa. Kaza ta zo ta tsattsagi bakin tabarma, ba wanda ya kore ta.

“Tajo,” ta ce a hankali, “tun ban kai ka tsawo ba nake zaman kasuwa. Wanda zai sayi kaya kushe shi yake yi. Ya ce daddawar ta yi ruwa, ya ce ƙwallon ƙanana ne, ya taya rabin kuɗi, in ce albarka, ya yi kamar zai tafi. Ko ɗan'uwanka ne haka zai yi, don yana son kayan. Kai ba ka kushe ko ƙusa ɗaya ba. Tayin farko ka hau can sama.” Ta ɗora tafin hannu a kan jitar. “Wuri ɗaya na sani da ake yabo ba kushe, wajen makoki. An yi mana shi a nan gindin rumbun, mutane cike da gida.”

Tajuddeen ya rasa inda zai sa idonsa. Ya fara cewa ai tsufa ne, kowane kaya da ƙarshensa, ta ɗaga masa hannu.

“Kada ka yi min ƙarya sau biyu a gidan abokinka. Me ya kashe ta?”

Sai ya gaya mata. Bai ƙawata ba, don ta hana shi. Ya ce garaya fata ce da ƙwarya, wuta na ɗame ta, wannan kuwa itace ne da roba da siraran wayoyi, wuta murɗe su take, mai kuma toshe su yake. Ya ce ƴar muryar sauron nan da ta ji, ita ce muryarta ta gida, babbar tana cikin sifika.

“To ashe lafiyarta ƙalau ranar da na fara.”

“Ƙalau, Inna.”

Ta gyaɗa kai. Ta juya hannuwanta tana duba tafin, sannan bayan, kamar an ba ta aron su. Ba ta yi kuka ba, kuma Tajuddeen ya gwammace a ce ta yi. Can ta ce ai kiransa aka yi ya faɗi kuɗinta tsakani da Allah, har yanzu bai faɗa ba. Ya ce in an cire ƴan makunnan ɗaure tsirkiya da wasu ƙarafa, mai gyara zai iya ba da abin da bai kai rabin buhun taki ba. Sauran sai dai a rataye.

Baba Buwai ya yi wani ɗan nishi ya dafa bayansa. Tajuddeen ya yi sauri ya ce maganarsa ta farko tana nan, kuɗin na nan, su karɓa don Allah, filin fadama kada ya tafi. Tsohon ya dubi matarsa, idonsa roƙo yake. Inna ta ce in taimako ne, wannan magana ce ta daban, ta wata rana, tsakaninsa da maigidanta, kuma ba ta ce za ta hana ba. Amma ba za a naɗe mata sadaka a cikin ciniki ba, ba kuma za ta sayar wa abokin ɗanta gawa da kuɗin mai rai ba.

Ta jawo zanen Kirsimetin ta rufe jitar.

“Albarka,” ta ce.

Ta umarci mijinta ya aika wa yaran Rimin Gado kada su wahalar da kansu. Ta yi wa Tajuddeen godiya, ta ƙulle masa daddawa a leda ya kai wa mahaifiyarsa, ta ce ya riƙa biyowa, hanyar ba ta cizo.

A waje ya daɗe yana ɗaure sifikar, igiyar na ta kuɓuce masa. La'asar ta yi sanyi, hayaƙin girki ya fara tashi daga gidajen unguwar. Ta wata ɓarakar darni yana hango tsakar gidan. Inna ta zauna a kujerarta ta tsuguno kusa da murhu, ta sake warware zanen, ta kwantar da jitar a cinyarta yadda ake kwantar da yaro za a shafa masa mai bayan wanka. Ta miƙa hannu ta jawo ɗan gwangwanin man kaɗe, ta buɗe.

“Ke kuwa,” ya ji muryar Baba Buwai, a raunane, “ba ki ji abin da yaron nan ya ce ba?”

“Na ji,” in ji ta. Ta lakato man da yatsu biyu, ta fara daga saman murɗaɗɗen wuyan tana gangarowa a hankali. “Yanzu kuma me zan ɓata?”