Waƙoƙin Baba a Ɗakin Auta

Wallahi ɗakin Auta ba wurin shigar ɗan Adam ba ne. Yayarsa tana tura ƙofa wari ya mare ta: safa, tsamin kwanukan da suka kwana suka wuni, ga ɓawon ayaba ya yi baƙi a kan filo. Ta ja gefen mayafi ta toshe hanci.

Ba zumunci ya kawo ta ba. Tsohuwar kwamfutar marigayi babansu tana hannun wannan ƙazamin, kuma ta fara mutuwa tana farfaɗowa. A cikinta duk waƙoƙin da Baba ya tara suke, har da waɗanda ya rera da bakinsa ya naɗa, babu su a ko'ina kuma. Shi ya sa ta sayo 'yar ma'ajiya, irin wadda ake jonawa da kebul, ta zo ta kwashe.

"Yaya, sai fa kin riƙe kebul ɗin da hannu," in ji Auta daga kan katifa, yana sakace haƙori da murfin biro. "Ramin ya saki. Yana motsi take ɗaukewa."

"Allah ya shirye ka. Mene ne wannan mai danƙo a kan madannan?"

"Shayi ne. Ina jin."

Ta yi tsaki. Don ta gama da wuri ta fice, ko buɗe foldar waƙoƙin ba ta yi ba, ta ja ta gaba ɗaya ta jefa a ma'ajiyar. Ta tsuguna, don babu inda za ta yarda ta zauna, ta danne kebul da yatsu biyu. Koren layi ya fara jan ciki a allon.

Kwamfutar ta ɗau zafi, fankarta tana gurnani. Sai ga gashin baki guda biyu sun leƙo ta ramin iska. Kyankyaso! Ashe gida suka yi a ciki, zafi ne ya koro su. Ɗaya ya fito, wani ya biyo shi, sai 'yan ƙanana farare suka watsu a tebur.

"Auta! Zo ka kashe su!"

"Haba Yaya, ai ba sa cizo."

Babban kyankyason ya hau bayan hannunta, ta runtse ido ta cije leɓe, ba ta saki ba. Layin ya kusa kaiwa ƙarshe. Amma da ta ji ƙafafun nan masu ƙaya sun shige hannun rigarta sun nufi hammata, ba ta san lokacin da ta kurma ihu ta yarfe hannu ba. Kebul ya fita, kwamfuta ta faɗo ƙasa tim. Suka danna, suka jijjiga, Auta har da hura mata iska. Ko ƙyaftawa ba ta yi ba.

Mai gyara ya buɗe ta, ya kawar da kai, ya ce ƙwaƙwalwar ta tafi.

Yayar ta ce ba komai, ai kusan duka waƙoƙin sun shiga ma'ajiyar. A gida ta wanke hannu har ya yi ja, ta jona ma'ajiyar a tata kwamfutar. Waƙoƙi fal, dubbai. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, duk kiɗe-kiɗen haukan da Auta ya loda ne, su aka fara kwafa. Foldar Baba tana can ƙasa da sunansa a jiki. Ta buɗe, babu ko waƙa ɗaya.