Rijiyar da Ke Kashe Fitila

Gidan Attahiru yana gefen Araba, a ƙasar Illela. Suna da gero a rumbu, suna da awaki, amma ba su da ruwa. Rijiyarsu ta cushe da yashi, kuma duk wanda ya shiga yasarta, a sume ake jawo shi. Na ƙarshe da ya farfaɗo ya ce wani abu ne ya shaƙe shi, abin da ba shi da hannu, ba shi da fuska.

Attahiru ya ce shi zai shiga da kansa. Mahaifiyarsa Iklima ta sa aka fara zura baƙar kaza a guga, don a ba mai rijiyar haƙƙinsa. Rana tsaka ce, ko tsuntsu ba ya kuka. Kazar ta yi ta ƙara, can sai shiru. Aka jawo ta a mace, da ɗuminta, babu rauni ko ɗaya.

"Ya amsa," in ji Iklima. "Shiga, ɗana."

Shahida, 'yar Attahiru, ta ga babanta yana ɗaura igiya a ƙugu. Ta tuna abin da Malama Lubabatu ta faɗa musu a aji: mutanen Girka na dā, in ƙasa ta girgiza, sukan tambaya wane ne ya yi fushi, har wasu cikinsu suka koma tambayar mene ne ya jawo.

"Baba, dakata a zura fitila."

"Mi? Haske za ki kai mai, uwata?"

Duk da haka ya bari aka kunna fitila aka zura. Suka leƙa. Harshen wutar ya yi ta sauka yana ƙanƙancewa, ya koma shuɗi, ya mutu, alhali ko iska ba ta motsi.

"Ya hure ta," in ji Iklima a hankali.

Shahida ta sake kunna fitilar a tsakar gida, ta kife ta da ƙwarya. Da ta ɗaga, wutar ta mutu.

"Inna, nan wa ya hure ta?"

Attahiru ya kwance igiyar daga ƙugunsa. Ya ɗaure rassan darbejiya, suka yi ta zurawa suna jawowa har la'asar, don iskar sama ta sauka. Aka sake zura fitila. Ta kai ƙasa tana ci.

A ranar Shahida ta gane cewa kazar ba karɓarta aka yi ba, numfashi ta rasa, kuma da babanta ya bi ta, shi ma haka zai rasa.