Zulai Ta Ɗaga Ido

"Ina kika tsaya?" na tambayi Zulai, ina bakin zaure da muciya a hannu.

"Gidan Baba Boukari, Inna."

"Yau ma?"

Ta sunkuyar da kai, yadda na hore ta tun tana ƙarama.

Kwana huɗu ke nan 'yata tana tasowa daga lise, makarantarsu ta sakandare, ta faɗa gidan maƙwabcinmu kafin ta shigo namu. Ni ban yarda da mutumin nan ba, ban kuma taɓa ɓoyewa ba. Shekara ashirin ya yi yana surbeyan, mai ladabtar da ɗalibai, tun Nasara na riƙe da makarantar. Rabin 'ya'yan Zongo da aka kora, da sa hannunsa. Yanzu ciwon ƙirji ya kwantar da shi, to me yake nema wurin yarinya 'yar shekara goma sha biyar?

Ga kuma takardar da aka aiko mana: ranar Alhamis malamai za su zauna a kan Zulai. Madam mai koyar da lissafi ta kai ƙara, wai in tana mata magana sai ta kafe ƙasa da ido, raini ne. Karo na uku ke nan. In suka yarda da ita, kora ce.

Ran Talata na ɗauki kwanon kunu, wai ni mai zuwa dubiya, na bi bayanta. Fatu matarsa tana wanki a tsakar gida, na gaishe ta sama-sama na ɗaga labule. Yana kishingiɗe a tabarma, duk ya rame. Zulai na tsaye a gabansa, ta zuba masa ido ƙuri, ko ƙiftawa babu. Raina ya ɓaci.

"Ke! Wa ya koya miki wannan rashin kunya?"

"Ni ne, Hadizatu," in ji shi, tari na sarƙe shi. "Ajiye kunun. A gidanki, sunkuyar da kai ladabi ne. A lekol, wanda ya ƙi kallon malami, taurin kai gare shi. Yara nawa na kora a kan haka kafin na gane." Ya juya wurinta. "Regarde-moi, dube ni. Sake faɗa, kada muryarki ta yi rawa."

"Pardon, madame. Ba raini ba ne..."

Na ja hannunta muka fita. A zuciyata na ce, tsohon nan ya gama da 'ya'yan mutane, yanzu tarbiyyar tawa yake so ya rushe. Na hana ta komawa.

Laraba bayan azahar muka ji kukan Fatu ta kan katanga. Baba Boukari ya rasu. Da na shiga ta riƙe hannuna.

"Sau biyu ya tambaya, wai yarinyar ba ta zo ba?"

Kunya ta kama ni har ƙafata.

Ran Alhamis Zulai ta cire takalmi ta raɓa ta gefen masu zaman makoki, ta tafi makaranta. Na wuni ina leƙen hanya, tuwona har ya kama. Wajen la'asar ta shigo, ta tsaya a bakin murhu.

"Sun bar ni, Inna."

Ta faɗa tana kallona cikin ido. Ni ce na sunkuyar da kai, na ci gaba da kankare tukunya.