Salansa Ce, Ba Bindiga Ba

...kuma ai ta faɗa musu. A kan wancan dogon teburin ta faɗa musu, gaban manyan hukumar tseren motoci ta duniya, suna kallonta kamar wadda ta shigo roƙon gishiri — ƙasarmu za ta iya. To ga shi. An shiga zagayen ƙarshe, ita shugabar hukumar tsere ta ƙasa tana tsaye a ɗakin sa ido, allunan talabijin a gabanta, oba-oba a hannu, gumi na bin bayanta. Wa ya gudu? A nuna mata mutum ɗaya da ya gudu!

Wakilin da suka turo na gefenta, Mai Tabarau, ya harɗe hannuwa a ƙirji. Shi zai koma ya ce a bar mana tseren ko a ɗauke shi har abada. Bai yi murmushi ba tun ranar gwaji...

Ranar gwaji, Allah kada ya maimaita. Mota ɗaya ce ta rage wuta a kwana, salansa ta yi tas-tas-tas, sai 'yan kallo kowa ya yi ta kansa — takalma, huluna, mai goyo ta kife, wani ƙato ya haura shinge ya faɗo tsakiyar titin tsere. Jar tuta, aka tsayar da gwajin. Mai Tabarau ya cire tabaran yana gogewa a hankali. Ya ce, in aka sake haka ranar tsere, ranki ya daɗe, magana ta ƙare. To laifinsu ne? Mutanen da suka ga juyin mulki, suka ga an juye mai juyin? Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura.

Yaya, kana kallo? Na san kana kallo, can ƙetaren iyaka, kana kishingiɗe, tsohon zakaran tsere da tumbi. Kai ne ka ce, Auta, daina wahalar da kanki, titin da tankar yaƙi ta saba rufewa ba a rufe shi don wasa. Ka ɗauki jaka ka tafi, ka bar motar tserenka a gidan Mama ƙarƙashin tamfol, kaji na ƙwai a kujerar direba.

Ita ta kori kajin. Ta sa bakanike ya tayar da motar, ya buɗe mata maƙogwaro yadda za ta yi aman ƙara son ranta, aka ɗaura lasifika a kai. Ta dinga zaga gari da ita: kasuwa, tasha, bakin makaranta, layi-layi, kullum da rana tsaka. Tas-tas-tas! Jama'a, salansa ce, ba bindiga ba! Ku saurara, ga ta nan kuma! Ranar farko mai tumatir ta watsar da kwandonta, shugaba guda ta durƙusa da kayan ofis tana tsince tumatir ana zaginta ta uwa ta uba. 'Yan sanda suka riƙe ta har yamma. Mama ta ce, 'yar nan, ki ji tsoron Allah, ki tausaya wa hawan jinina. Sannu a hankali... tsofaffi suka daina ɗago kai daga tire. Masu shayi suka koma yi wa motar tafi. Aka ce ta zare. Ta zare, ko? Zakaran da Allah ya nufa da cara — kai, Yaya, ƙarasa da kanka.

Dubi allon can. Tun safe motoci ke ta ɓarin ƙara a kwanar kasuwa, jama'a na amsa musu da baki ɗaya, salansa ce! Sun mai da abin waƙa. Daɗi ya cika ta har tana jin kunyar kada a gani a fuskarta. Saura kwana ta ƙarshe, saura miƙaƙƙen titi, mai tutar gamawa ya riga ya ɗaga hannu —

DUM!

Wannan ba salansa ba ce. Innalillahi. Wannan ba ta koya musu ita ba. Ƙara guda, mai nauyi, irin ta safiyar da aka rufe gidan rediyo, suna ƙarƙashin gado ita da Yaya, Mama na toshe musu baki... A'a. Allo. Dubi allo. Taya ce, tayar jar mota ta fashe, direban na jan ta gefe, hayaƙi, roba na tashi. Rawayar tuta, a rage gudu kawai, kada wanda ya taɓa ja! Muryarta ce wannan? Jama'a fa? Juya kyamara kan jama'a!

Suna nan. Kowa baki buɗe, amma suna nan. Wata dattijuwa a layin gaba ta miƙe, ta riƙe ƙugu, ta juya tana yi wa na bayanta faɗa da hannu, ku zauna, dalla. Sai dariya, sai ihu, rumfa guda na rawa. Tuta mai baƙi da fari ta sauka. An gama. An gama, Yaya! A ƙasar da ka ce! Ka kira ni in ka isa, yau sai ka ce min ranki ya daɗe.

Ana rungume-rungume a ɗakin, wani ya taka mata ƙafa bai ma sani ba. Mai Tabarau na murmushi — ashe yana da haƙora. Ya miƙo hannu.

"Sai baɗi, ranki ya daɗe. Ban taɓa ganin jama'a masu natsuwa irin naku ba. Ni kaina na ɗauka harbi ne."

Shi ma ya ɗauka. Ita ma ta ɗauka. Su ma can a rumfa ai sun ɗauka, babu wanda ya ga tayar sai daga baya... amma suka zauna. Da goyonsu, da tsofaffinsu, suka zauna, don ita ta bi su layi-layi ta ce kada su gudu. Ta fara laluben kujera a bayanta. Gobe motocin nan za su hau jirgi su tafi, sojojin da aka girke a bakin ƙofa su koma inda aka ɗebo su, gari ya koma yadda yake. Ranar da aka yi harbi na gaske a kasuwa fa — wa zai gudu?

Hannun mutumin na nan a miƙe, yana jira.