Jirgin Tukur Ruwan Goro

Kaltume tana tsakiyar surfen gero Tukur ya kira ta ta bayan danga, da wata murya shaƙaƙƙiya kamar ba tasa ba. Ta jingine taɓarya ta leƙa. Maƙwabcin nata yana kwance ƙarƙashin rumfa, ƙafafu sun kumbura, jirgin saman da ya ƙera da karan dawa yana rataye bisa kansa.

"Ki tahi Kore Mairuwa ki kiro mini Lantana," in ji shi. "In hwaɗi mata baki da baki, ni na gina kabarin mijinta."

"Bari ran kasuwa, Tsohon Soja. Wa zan bar ma hatsin ga?"

Ta koma kan turminta.

Duk Dogon Dutsi babu wanda bai haddace labarin Tukur ba. Nasara suka ɗebe shi soja tare da Sama'ila mijin Lantana, aka kai su wata ƙasa mai nisa da ake kira Indoshin. Da sojan Japon suka kama su, sai aka sa su tura jirage a filin da ake koya wa samari tuƙi. Jirgin katako ne da ƙyalle, in ji Tukur, fiffike bisa fiffike, kujera biyu, ta malami da ta ɗan koyo. An shafe shi da fenti ruwan goro don a hango shi daga nesa a ba shi hanya. Wata rana wani ɗan koyo ya kasa sauka daidai, jirgin ya kauce ya bi ta kan Sama'ila.

Har nan mutane kan saurara. Inda Tukur ya ɓata wa kansa shi ne da ya ce ya yi wa abokinsa wanka, ya kwantar da shi fuskarsa na duban yamma, domin a waccan ƙasar yamma ce alƙibla. Jirgin ƙyalle an yafe masa, amma Musulmi ya juya wa gabas baya? Aka ce doguwa ce ta shafe shi a hanyar teku. Har mai goge aka kira a ji wace iska ce, Tukur ya zauna yana kallonsu har suka gaji.

Kaltume ba muguwa ba ce, ita ke miƙa masa fura ta kan danga kullum. Sai dai bakinta ba ya riƙe abin dariya. Ita ta raɗa masa Limamin Yamma, kuma ita ta gaya wa dangin Lantana kada su bari 'yarsu ta yi takaba kan maganar mai iskoki. Shekaru ke nan Lantana tana zaune, ba matar aure ba, ba bazawara ba, tana share ɗakin mutumin da ba zai dawo ba.

Tukur bai kai ranar kasuwa ba. Da hantsi Kaltume ta miƙa ƙwaryar fura, ba hannun da ya karɓa.

Ranar sadakar uku mata suna daka gumba a bayan danga, maza suna zaune a rumfa. Wani ya ɗauko zancen yamma, aka ɗan murmusa. Sai Alhaji Yaro, wanda bai daɗe da dawowa daga Makka a ƙasa ba, ya tambayi mene ne abin dariya. Aka ba shi labari.

"Gaskiya tai," in ji Alhaji. "Na zamna da mutanen da sunka hito daga can bayan Makka. Su yamma suka duba in za su salla. Ɗaki guda na, kowa ta wajenai yaka dubanai."

Taɓarya ta yi wa Kaltume nauyi a hannu. Kunya ta kama ta, da baƙin cikin da ba ta da wanda za ta roƙa gafara a kansa, don mai gafarar yana ƙarƙashin ƙasa.

Washegari ta kwance jirgin karan, ta bi ayarin masu jakai zuwa Kore Mairuwa. Ta tarar da Lantana tana ɓarar gujiya a ƙofar ɗakin nan da ake sharewa. Kaltume ta zauna ta ba ta labarin tun daga fari, ba ta tsallake ko kujera ɗaya ba, ta yi mamakin yadda duk ya zauna mata a kai.

"An yi mai wanka?" in ji Lantana.

"An yi."

"Ina ya duba?"

"Alƙibla," in ji Kaltume.

Lantana ta ture ƙwaryar gujiya gefe. Ta zare warwaronta ɗaya bayan ɗaya ta ajiye kusa da jirgin, wanda Tukur ya rina da goron da ya tauna. Sannan ta cire kallabi, ta fara tsefe kitsonta daga ƙeya, kamar yadda mai shiga takaba ke yi.