Dandamalin Alhaji Ibrahimu

"Haba Alhaji, matso da katakon su haɗe mana! Shukar albasa kake yi da za ka bar tazara?"

Malam Sammani ne ya leƙo ta kan katanga, ƙafarsa duk taɓon fadama. Maƙwabcinsa Alhaji Ibrahimu yana durƙushe a bayan gida, guduma a hannu, ƙusa biyu a baki, ga waya jingine da bulo, wani Bature yana ta zuba a ciki.

Alhaji ya cire ƙusoshin daga bakinsa. "Da gangan ake barinta, Malam. Don ruwa ya samu hanyar wucewa."

Sammani ya ja tsaki. Oho dai! Shekara talatin da biyar mutum yana juya biro a ofis a Kaduna, ya yi ritaya ya dawo Bunkure da tumbi da hawan jini, kuma wai yau shi ne kafinta. Jama'a suna bakin kanal ɗin noman rani ana fama da tumatir, shi yana nan yana ƙwanƙwasa dandamalin katako, wai wurin shan iska. Dakalin ƙasar da ubansa ya zauna a kai har ya mutu, yanzu ƙazanta ne. Kafintan unguwa, Uba, ya ce zai gama masa a kwana biyu, ya ƙi. Ga babban yatsansa nan ya yi baƙi ƙirin, ya sha guduma ya ƙoshi.

Duk unguwa ta san dalili. 'Ya'yansa biyu, Hamza da Abdulsamad, suna Abuja, kuma Sallah huɗu ke nan ba su tako garin ba. Wai matansu sun ce ba wurin zama, yara suna birgima a ƙasa.

"Bana za su zo," in ji Alhaji. "A nan za mu ci tuwon Sallah. Na tura musu hoton."

"Suka ce me?"

"Hamza ya turo mini hoton babban yatsa."

"Shi ke nan?"

Alhaji ya ɗauki wata ƙusar. Sammani ya sauka daga katanga yana girgiza kai. Wallahi abin haushi yake ba shi, dattijo guda ya zama abin dariyar masu shayi saboda yaran da ko kiransa ba sa yi.

Saura kwana tara Sallah, da hantsi, ƙarar guduma ta tsaya. Sai salatin Hajiya Umma, matar Alhaji, ya cika unguwa. Sammani ya shiga a guje ya tarar da Alhaji kwance, kuncinsa a kan katako, rai ya yi halinsa. Saura katako uku ya gama.

Yaran suka bugo waya a jira su. Aka ajiye bawan Allah cikin wannan zafin har la'asar, sannan wata baƙar mota ta tsaya a ƙofar gida, suka fito da shadda mai maiƙo da baƙin tabarau.

Sammani ne mai wankan gawa a unguwar. Ɗakin Alhaji ya cushe da gado da kujeru, don haka ya ce a kawo gawar kan dandamalin, aka kewaye da tabarmi. Ya naɗe hannun riga ya ɗaga buta.

"Hamza, hawo ka zuba wa mahaifinka ruwa."

Hamza ya matso, ya tsaya a bakin matakala. Ya dubi katakon sama da ƙasa, ya taɓa shi da tsinin takalmi.

"Baba, anya abin nan zai ɗauke mu kuwa? Ku dai yi, mu ba mu iya ba."

Abdulsamad ma tuni ya koma zaure, waya a kunne.

Sammani ya dubi Hamza, ya daɗe yana dubansa. Shi da ya fi kowa zagin katakon nan, sai ga shi ya ɗaga ƙafa ya doka wa dandamalin diddige da ƙarfi, sau biyu. Ko motsi bai yi ba.

"Ya ɗauki ubanka," ya ce. "Ja mini tabarmar, ka tafi."

Liman ne ya hawo ya karɓi butar. Sammani ya yi bismillah, ya kama hannun Alhaji, ya wanke baƙin yatsan nan a hankali. Ruwan bai taru a ƙarƙashin gawar ba. Yana bin tazarar katakon yana sauka, ɗis, ɗis, ƙasa tana shanyewa.